Kiran waya dubu goma sha biyar a cikin waya ɗaya

Leƙa bayan kwamfutar ofis ko ta shagon buga takardu, za ka ga wata waya shuɗiya ko ruwan toka mai kan roba, da ɗan maƙalli mai yin ƙaras idan an tura shi, ga 'yar fitila tana ƙiftawa a gefe. Wannan ita ce wayar Etanet. In ka fere bayanta, silin jan ƙarfe takwas za ka tarar, an murɗe su bibbiyu. Irinta a yau takan ɗauki gigabit ɗaya, wato bit biliyan ɗaya a kowane sakan. Bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, ko sifili ko ɗaya. Biliyan kuwa ba ya zama a kai sai an samo mudun da za a auna shi, kuma ban san mudun da ya fi na tsohuwar wayar girke dacewa ba.

Mudun nan kilobit 64 ne, kuma ba da ka aka tsayar da shi ba. Injiniyoyin tarho sun ga cewa ba sai an kwashe muryar mutum duka ba kafin a gane maganarsa. Sautin da ke tsakanin kaɗawa 300 zuwa 3,400 a sakan ya wadatar. Sai na'ura ta riƙa auna muryar sau 8,000 a sakan, tana rubuta kowane awo da bit 8. Dubu takwas sau takwas, 64,000 ke nan. Wani injiniya ɗan Ingila, Alec Reeves, ya fito da dabarar tun ƙarshen shekarun 1930, amma ta yi ta jiran kayan aikin da za su ɗauke ta da araha. A 1962 kamfanin Bell na Amurka ya fara aiki da layin T1, mai jera kira 24 a megabit 1.544, wato bit miliyan ɗaya da rabi da ɗoriya a sakan. Turai ta yi nata, E1, mai gurbi 32 a megabit 2.048: talatin na magana, biyu na daidaita tafiya da isar da saƙon kira. Tsarin Turai ne Najeriya da Nijar suka bi.

To, sai mu yi awo. Etanet, wadda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a kamfanin Xerox a 1973, ta shiga kasuwa da megabit 10, daidai da kira 156. A 1995 ta kai megabit 100. A 1999 gigabit ya hau wayar jan ƙarfe, wato kira 15,625, ko layin E1 kusan 488, duk a cikin abin da kaurinsa bai wuce fensir ba. Fim mai girman gigabayit ɗaya, wato gigabit takwas, in aka ce a tura shi ta gurbin kira guda, sai ya kwashe awa 34 da ɗoriya. A kan gigabit, lissafi ya ce sakan takwas. Daga nan sai hawa: gigabit 10 a 2002, 100 a 2010, 400 a 2017, galibi a kan zaren gilashi.

Amma wanda ya tsaya a kan wannan lissafi ya raina tsohon layi, ina ganin bai yi masa adalci ba. Layin E1 kamar jirgin ƙasa ne mai kujera 32 da ke wucewa sau 8,000 a sakan, ba ya makara. Da zarar kiranka ya shiga, kujera ɗaya ta zama taka har ka ajiye kan waya. Ko ka yi shiru, haka za ta riƙa tafiya babu kowa a kai. Ɓarna ce, gaskiya, sai dai ita ce ta sa muryar ke isa a jere, ba ta sarƙewa. In kujeru sun cika, ba za a cusa ka ba, sai dai ka ji layi a cike.

Etanet kuwa babban titi ce. Ana yanka bayani ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da adireshinsa, kowa ya shigo ya nemi hanya. Murya da fim da takardar ofis duk layi ɗaya suke bi. Adireshin ma yana cin wuri: kiran da ke cin kilobit 64 a tsohon layi, in aka naɗe shi aka ɗora a Etanet yakan kai wajen 87, don haka 15,625 ɗin nan ya koma dubu goma sha ɗaya da 'yan kai.

Wannan ne ya sa za ka ga ofis mai layi mai faɗin gaske, amma ana cikin kira murya ta riƙa yankewa don wani a ɗakin gaba yana sauke babban fayil. Faɗin bai gaza ba, ƙullin muryar ne ya tsaya a bayan wasu. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce milisakan 150, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na sakan. Don a cim ma haka, masu haɗa na'urori sukan sa wa ƙullin murya alama, duk inda aka yi cunkoso a buɗe masa hanya ya fara wucewa.