Tonon kufai a Nijar: wa ake bari ya shiga ramin?

A shekarar 1975 aka gano makabartar Bura, a yankin Tera, kuma ba wani masani ya tafi nemanta ba, sa'a ce ta kai mutanen wurin gare ta. Sai a 1983 malam Boubé Gado, na cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai, ya tone ta bisa ƙa'ida, ya fito da tuluna da mutum-mutumin yumɓu waɗanda suka kai sunan Nijar nesa. Bayan an baje su a birnin Paris a 1993, ƴan kasuwar kayan tarihi suka buɗe ido, aka shiga wawashe kufan dare da rana, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sanya kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari a 2000.

To, wa ya yi wannan haƙa? Talakan ƙauye ne, wanda ya san inda tulu yake kwance, amma ba shi da ƙofar shiga aikin halal. Dokar 1997 ta kare kayan gado ta hana tono sai da izinin hukuma, kuma daidai ne: wanda ya zaro tulu ba tare da auna zurfinsa da rubuta abin da ke kewaye da shi ba, ya kashe labarinsa har abada. Sai dai izini na bin diplom, diplom na bin bursu, bursu kuwa ba ta cika isa ga ɗan manomi ba.

Ko ɗalibin da ya gama lisansi ta tarihi a jami'ar Abdou Moumouni bai tsira ba. Ba a koyon wannan sana'a a aji kawai, sai an durƙusa cikin rami ƙarƙashin wani babba. Tafiya hamada tana cin mota, mai, ruwa da rakiyar soja, auna shekarun ƙashi kuma sai an aika waje. Mai kuɗin tafiya shi ke zaɓen abokan tafiya, shi ke sa sunansa a sama idan an buga sakamako. Kujerun aiki a cikin gida ƴan kaɗan ne, mai jiran su ya kan gaji ya koma koyarwa a kwaleji.

Dubi Gobero, cikin Tenere. Ayarin Paul Sereno na jami'ar Shikago ya tarar da wurin a 2000 yana neman ƙasusuwan manyan dabbobin da, aka sami kaburbura wajen 200. An yi aikin tare da masanan Nijar, ba a musu. Amma jagororin Abzinawa da ke karanta rairayi, da direbobi, da masu tankaɗe ƙasa, da yawansu sun fi sabon ɗalibi ido. Ana biyan su ladan yini, ayari ya tashi, ba wata takarda a hannunsu da ke shaida abin da suka iya, wadda za su nuna wa ayari na gaba.