Ko Kun Sani? Gambo Sawaba da Ƙuri'ar Matan Arewa

Ko kun san cewa matan Ingila sun sami cikakken 'yancin jefa ƙuri'a a 1928, shekarar da jagorarsu Emmeline Pankhurst ta rasu, amma matan Arewacin Najeriya sai a 1979 suka fara zaɓen shugaban ƙasa?

Cikin waɗanda suka sha wuya kafin a kai ga haka, da ƙyar a sami kamar Hajiya Gambo Sawaba. An haife ta a 1933, sunanta na yanka Hajaratu, ana ce mata Gambo domin ta biyo tagwaye. Mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta Banufiya. An yi mata aure tana da shekara 13.

Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ita ta shiga tun tana matashiya, har ta zama shugabar reshen mata. Daga Zariya, inda take zaune, ta zo Kano, inda NEPU ke da ƙarfi a Fagge a lokacin. Ta riƙa shiga gida-gida, ta zauna kan tabarma da matan kulle, tana yi musu bayanin haƙƙinsu. A kan wannan aka gurfanar da ita gaban alƙali, aka ɗaure ta. Sau 16 tana shiga kurkuku, ga duka, ga wulaƙanci, ba ta ja da baya ba. Abin da ciwo, wallahi.

Ta rasu a 2001. Babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta yake ɗauke da shi. Allah ya jiƙanta.