FASHIN BAƘI: Dalilin da ya sa murya ke ɓacewa idan an haɗa kwamfuta da talabijin

Tun bayan da kamfanin MultiChoice ya ƙara kuɗin DStv a watan Maris na 2025, inda babban ƙunshinsa ya tashi daga naira 37,000 zuwa 44,500 a wata, kallo ta kwamfuta ya ƙara samun karɓuwa. A ɗakunan samari da majalisu daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, ana jona kwamfutar tafi-da-gidanka da talabijin, a kalli fim, ko ƙwallo, ko zaman Majalisar Dattawa a YouTube. Hoto yakan fito tangaran. A wajen sauti ake samun cikas: ko dai shiru, ko kiɗa da ƙarar bindiga su cika ɗaki amma a kasa jin abin da jarumin fim ke faɗa.

Da yawa kan ɗauka sifika ce ta mutu, su nufi Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi neman sabuwa. Sau tari kuwa na'urar lafiyarta ƙalau, saiti ne kawai ya karkace.

Sautin kewaye da ake rubuta wa lamba 5.1 ya kasu hanya shida: hagu da dama na gaba, tsakiya, biyu na baya, sai mai rugugi da masu gyara ke kira wufa. Tsarin Dolby Digital ya fara shiga silima a 1992. Masu haɗa fim suna zuba kusan dukkan maganar 'yan wasa a hanyar tsakiya, kiɗa da hayaniya su tafi gefe. To idan aka gaya wa Windows cewa sifiku shida ne a ɗakin, alhali biyu ne aka jona, za ta aika magana zuwa sifikar tsakiya da babu ita. Muryar ba lalacewa ta yi ba, aikenta aka yi gidan da ba kowa.

Gyaran bai kai minti biyu ba. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta mmsys.cpl, a zaɓi talabijin ko na'urar da ake so ta fitar da sauti, a danna Set Default. Daga nan a shiga Configure, a zaɓi Stereo idan sifiku biyu ne, sannan a danna Test. Kwamfuta za ta kaɗa ƙararrawa a kowace sifika ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta yi shiru, wayarta ce abin dubawa. Idan kuma da wayar VGA mai shuɗin kai aka jona, kada a wahala, hoto kaɗai take ɗauka.

Wanda yake da sifiku shida na gaske, matsalarsa daban ce, kuma ta fi sarƙaƙiya. Da zarar an soka wayar HDMI, talabijin yakan gabatar wa kwamfuta da bayanin abin da zai iya karɓa, kuma yawancinsu hanya biyu kawai suke ambata. Shi ya sa zaɓin 5.1 ba ya ma bayyana. Mafita mafi tsafta ita ce kwamfuta ta fara shiga amfilifaya, ita kuma ta miƙa hoto ga talabijin. In amfilifayar ba ta da mashigar HDMI, dole sautin ya bi ta talabijin, ta wayar haske ko ta ramin da aka rubuta wa ARC, wanda ya zo da HDMI 1.4 a 2009. Waɗannan biyun ba sa iya ɗaukar hanya shida sai an matse su cikin tsarin Dolby Digital ko DTS. Don haka a saitin sautin talabijin a cire PCM a koma Passthrough ko Bitstream, a manhajar VLC ma a kunna irin wannan zaɓi. Sabon rami mai suna eARC, na HDMI 2.1 da aka fitar a 2017, shi ne ya kawar da wannan shinge, amma sai na'urorin biyu duk suna da shi.

Akwai kuma abin da littafin kamfani bai yi tanadinsa ba, wato ɗauke wuta. Talabijin ya mutu, kwamfuta ta ci gaba a kan batir, sai Windows ta mayar da sauti kan 'yar sifikarta. Ko an tayar da janareta ba lallai ta koma da kanta ba. A bar talabijin da amfilifaya su gama tashi, a zare HDMI a sake sokawa.

Wani shirun kuma ba matsala ba ce ko kaɗan. YouTube a burauzar kwamfuta hanya biyu yake bayarwa, saboda haka mai kallon Labarina ko muhawarar 'yan takara kada ya tsammaci motsi daga sifikun baya.

Inda ya kamata mai saye ya buɗe ido shi ne kanti. Akwai na'urori masu sifiku biyar da wufa, an buga 5.1 ɓaro-ɓaro a kwalinsu, amma in aka juya bayansu ramuka biyu ne kacal, ja da fari. Irin wannan hanya biyu take karɓa ta rarraba wa sifiku shida, kuma babu saitin da zai sauya hakan. A ganina wannan yaudara ce, kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta siffanta kaya da abin da zai ruɗi mai saye. Kafin a biya, a sa mai kanti ya juya bayan na'urar a nemi ramin HDMI ko na wayar haske, a kuma karɓi rasiɗi mai ɗauke da lambar samfurin.