Mene ne ilimin walwalar harshe?

Sunan nan yana yawan fitowa a labaran tarukan jami'o'i. Ilimin walwalar harshe shi ne nazarin yadda magana ke sauyawa gwargwadon wanda ke yin ta, da wanda ake yi wa, da inda ake yin ta.

Masu wannan bincike a kasuwa da aji da kotu suke farautar magana. A 1962 ɗaya daga cikinsu, William Labov, ya shiga manyan kantuna uku na birnin New York, na masu hali da na matsakaita da na talakawa, yana tambayar ma'aikata wurin wasu kaya da ya san suna hawa na huɗu. Amsar a Turanci tana da harafin "r" sau biyu. Sai ya yi kamar bai ji ba, don a maimaita masa. Da dabarar nan ya gano cewa ma'aikatan kantin masu hali sun fi furta harafin, na kantin talakawa kuwa sun fi haɗiye shi.

Wa abin ya shafa? Malaman makaranta, tafintoci, likitoci da majinyata. Ya fi tsanani ga masu neman mafaka a Turai, inda wasu hukumomi ke sauraron karin harshen mutum don tantance ƙasarsu ta asali. Masana da dama na sukar hakan, domin harshe kamar Hausa ya ratsa iyakokin ƙasashe da yawa.