'Yan Bindigar Kano da Gasar Harbi ta Zamani

Shirin musamman na wannan mako ya shafi harbin bindiga a matsayin gwaninta, wato harbin da ake yi a bainar jama'a domin nuna ƙwarewa, ba domin yaƙi ko farauta ba. A ƙasashe da dama ana gwada wannan ƙwarewa ta hanyar gasa, inda ake kafa abin bara, wato takarda mai zanen da'irori, a ba kowane maharbi maki gwargwadon kusancin harsashinsa da tsakiya. A cikin birnin Kano kuwa, waɗanda jama'a suka sani da harbi a fili su ne 'yan bindigar Sarki, kuma su ba ido ke yi musu alƙalanci ba, kunne ne.

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci kuma wani Bature mai suna Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya ambaci bindiga a wurare uku da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko shi ne zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438, lokacin da wani ɗan sarautar Barno mai suna Dagaci ya iso Kano da jama'arsa da tambura da tutoci, har da bindigogi, in ji littafin. Wannan magana tana da daɗin ji, amma masana tarihi suna ɗari-ɗari da ita, domin ko a Barno ɗin ma sai a ƙarshen ƙarni na 16 aka sami tabbataccen labarin 'yan bindiga, lokacin da Mai Idris Alooma ya samo Turkawa masu iya harbi suka horar da dakarunsa. Mai yiwuwa marubucin ya ɗauki kayan sarautar zamaninsa ne ya yafa wa mutanen da. Wuri na biyu shi ne zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, inda aka ce an kawo garkuwoyi da bindigogi daga Nufe, kuma wannan ya fi kama hankali, tunda ta Nufe ne kayan Turawan bakin teku suke haurowa arewa. Na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, wanda littafin ya ce shi ne Sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron lafiyarsa. Tun daga Babba Zaki, ke nan, bindiga a Kano ta zama kayan fada, kuma galibi a hannun bayin Sarki take, ba a hannun talakawa ba.

Bindigar da ake magana a kanta ita ce wadda ake kira bindigar toka, ko harba-ka-ruga, wadda ake ɗurawa ta baki. Maharbi zai zuba albarushi, wato garin da ake haɗawa da gawayi da farar wuta da wani nau'in gishiri, ya danna tsumma da sanda, ya saka dalma ko guntayen ƙarfe, sannan ya ɗana, ya ja kunama. Kafin ya gama wannan hidima ɗan baka ya saki kibau da yawa, in kuma damina ce albarushin ya sha sanyi, sai bindigar ta ƙi tashi. Bugu da ƙari, cikin bututunta sumul yake, babu zanen nan mai murɗe da ke cikin bindigar zamani, wanda ke sa harsashi ya riƙa juyawa ya tafi a miƙe. Saboda haka amfaninta a fagen fama ya fi karkata ga ƙara da hayaƙi da firgita dawaki, fiye da samun abin da aka saita. Duk da haka sarakunan ƙarshen ƙarni na 19 sun ba ta muhimmanci, musamman ganin yadda Damagaram ta tara bindigogi har ta ƙera igwa tun zamanin Sarki Tanimu. Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda ya hau mulki a 1894 cikin yaƙin basasa, an san shi da laƙabin Mai Sango, sango kuwa mashi ne da ake cusawa a bakin bindiga a harbi giwa da shi. Sai dai yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, kuma ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Turawan mulkin mallaka ƙarƙashin Kanar Morland ta shiga Kano ta Ƙofar Kabuga da igwa da bindiga mai sarrafa kanta.

Daga nan aikin 'yan bindiga ya koma na biki. A Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, su ne ke tafe cikin ayarin Sarki suna ɗura albarushi zalla, ba dalma, suna harbawa sama, ta yadda mutumin da ke can cikin lungu zai san Sarki ya fito, haka kuma zai san ya koma Gidan Rumfa. Gwani a nan shi ne wanda ya san awon albarushin da zai ba da ƙara mai cika kunne ba tare da bututu ya tsage ba, ya kuma san lokacin da ya dace ya saki. Awo da lokaci, su ne ma'aunin. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.

Gasar zamani tana da wani ma'auni dabam. Harbi yana cikin wasannin Olamfik tun na farko da aka yi a Atina a 1896, kuma a gasar doguwar bindigar iska ta mita 10 maharbi yana yin harbi 60 a tsaye, alhali ɗigon tsakiya mai maki goma faɗinsa rabin milimita ne kacal. Ta ƙaramar bindiga kuwa da hannu ɗaya ake riƙewa, kuma da'irar gomanta milimita 11.5 ce. A nan babu hayaƙi, ƙarar ma kaɗan ce, abin da ake gwadawa shi ne riƙe numfashi da natsuwar yatsa.

Akwai wata gasa da ta fi kusa da al'adar Kano, wato taburida ta ƙasar Maroko, wadda UNESCO ta amince da ita a 2021. Mahaya dawaki suna jeruwa sahu ɗaya su yi sukuwa, sannan su harba bindigogin albarushi lokaci guda, kuma ayarin da harbinsa ya fito tamkar na bindiga ɗaya shi ne ya burge alƙalai. Wannan ya nuna cewa harbin da kunne ke aunawa shi ma yana iya samun ƙa'ida da maki da kofi.

A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon wajabta lasisi ko da a kan bindigar toka ne, don haka duk wata gasa, ta saiti ce ko ta ƙara, sai da yardar hukuma za ta yiwu.