Ƙararrawa da Mai Jin Ta a Ayyukan Gajimare

Abin da masana kwamfuta suke kira gajimare, tarin manyan na'urori ne da wani kamfani ya girke a gine-ginensa, yana ba da hayarsu ta hanyar intanet. Kamfanin Amazon ya shiga wannan haya gadan-gadan a shekarar 2006, sa'an nan Google da Microsoft suka bi sahu. Mai haya yakan ɗora wa na'urorin ayyukan da za su riƙa yi da kansu a kan lokaci, kamar kwafe bayanai don ajiya kowane dare, ko lissafin albashi a ƙarshen wata. Dabarar kuwa ta girmi gajimaren, domin tun cikin shekarun 1970 tsarin Unix yake da wani ɗan shiri mai suna cron, wanda aikinsa ke nan.

To, aikin da babu mai tsaye a kansa, ranar da ya ɓaci babu mai gani. Dalili ke nan da ya sa ake rataya masa ƙararrawa. A dandalin Amazon, alal misali, akwai CloudWatch, wanda ya fito a 2009. Akan yanka masa iyaka, a ce in aiki ya gaza, ko ya wuce minti kaza bai ƙare ba, ya yi kuka. Kukan nan yakan bi ta wani shiri mai suna SNS, shi kuma ya rarraba shi: wani ta imel, wani ta saƙon waya, wani zuwa zauren hirar ma'aikata irin Slack. Akwai ma irin su PagerDuty, masu buga wa injiniyan da ke kan aiki waya, in bai amsa ba su nemi na gaba da shi.

Sai dai ita kanta hanyar saƙon tana iya yankewa, kuma nan ne gizo yake saƙa. Ran 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge kusan gigabait 300 na babban rumbun bayanansu bisa kuskure. Da aka juya ga kwafin ajiya, sai aka tarar wayam. Ashe shirin da ke kwafewar ya daɗe yana gazawa, saboda tsohon samfuri ne da bai dace da rumbun ba. Cron bai yi shiru ba, ya yi ta aika imel na gargaɗi, amma na'urar da ke karɓar wasiƙu tana ƙin su don ba su da shaidar tantance mai aikowa. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu, kamar sa'a 6 kafin ɓarnar, shi ya cece su, abin da aka rubuta a tsakanin nan kuwa ya salwanta.

Maganin irin wannan shi ne a juya al'amarin: aikin ya riƙa kai gaisuwa ga wani mai gadi na dabam duk lokacin da ya ƙare lafiya. Daren da gaisuwa ba ta zo ba, mai gadin ya ta da mutane. Ta haka shiru ma ya zama labari. Lalle ne kuma a riƙa gwada ƙararrawar da gangan lokaci-lokaci.

Ko da saƙo ya isa, sai an sami mai karanta shi. Da safiyar 1 ga Agustan 2012, na'urorin Knight Capital, wani kamfanin dillancin hannun jari a Amurka, sun aika wa ma'aikata imel har 97 kafin a buɗe kasuwa da ƙarfe 9:30, suna nuna akwai tangarɗa. An sabunta shirin ciniki a na'urori 7 cikin 8, aka mance da ɗaya. Ba a tsara waɗannan wasiƙu a matsayin gargaɗi ba, ma'aikata ba su saba duba su ba, don haka ba wanda ya motsa. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar fiye da dala miliyan 460, kamar yadda hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ƙasar ta bayyana, ita kuma ta ci shi tarar dala miliyan 12 a 2013.