Ɗan Azare, yaushe rabonka da Katagum?

Tambayi matashi a Azare ko ya taɓa shiga gidan tarihi. Idan ya ce e, to yawanci Gidan Makama na Kano yake nufi, ko kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, wanda makaranta ta taɓa kai su a bas. Idan ka ce wurin shaƙatawa, sai ya ce Yankari, ya ba ka labarin ruwan ɗumi na Wikki ko da bai taɓa tsoma ƙafa a ciki ba. Duk waɗannan wurare sun cancanci a je. Abin da ke damuna shi ne, mun riga mun yanke wa kanmu hukunci cewa abin kallo sai an yi doguwar tafiya, har muna taka wanda ke ƙofar gida muna wucewa.

Wani abu ma kan rikita 'yan garin kansu. Azare ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Katagum, kuma nan fadar Sarkin Katagum take. Amma garin Katagum na ainihi yana can arewa, a gaɓar Kogin Jama'are, shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zaki. Sunan Zaki kuwa daga Malam Ibrahim Zaki ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, ya rasu a 1814. Sai a zamanin Turawa, cikin shekarun 1910, aka ɗauke gadon sarauta daga Katagum aka dawo da shi Azare. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Lardin Kano, sai a 1926 aka mayar da ita Lardin Bauchi.

A watan Janairun 1824, wasu Turawan Birtaniya biyu, Kyaftin Hugh Clapperton da Likita Walter Oudney, sun iso Katagum daga Barno a kan hanyarsu ta zuwa Kano, zamanin Sarki Ɗankauwa. Clapperton ya rubuta cewa garin murabba'i ne, da ganuwa biyu da gwalalo da ƙofofi huɗu, kuma tun da suka baro Tarabulus ba su ga birni mai ƙarfin tsaro kamarsa ba. A nan ne kuma ya fara ganin ana ciniki da wuri. Oudney, wanda ya zo da ciwon ƙirji, bai yi nisa ba: ya rasu a garin Murmur ranar 12 ga wannan watan. Sama da shekara ɗari biyu ke nan. Yaran Ingila masu sha'awar tarihi za su iya karanta wannan a laburarensu, namu kuwa da yawa ba su san an yi ba. Duk wanda ya je Katagum, ya nemi dattijo ya zaga da shi ya nuna masa inda ganuwa ta bi da inda ƙofofi suke, zai dawo da abin da babu akwatin gilashin da zai ba shi. Gani ya kori ji.

Haka Shira. Kafin jihadi, Shira da Tashena da Auyo ƙasashe ne masu sarakunansu. A duwatsun Shira akwai zanen da mutanen zamanin da suka yi a jikin dutse da jan launi, galibi siffofin shanu, irin wanda ake samu a Birnin Kudu da Geji, kuma suna cikin wuraren tarihi da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta amince da su. Idan za ka je, ka fara biyawa ta wurin mai gari ko hakimi ka yi sallama, a haɗa ka da ɗan rakiya. Kada ka shafa zanen, kada ka watsa masa ruwa don hoto ya fito, kuma don Allah kada ka rubuta sunanka da gawayi a gefe. Abin da ya jure rana da damina tsawon ƙarnuka, hannun ɗan yawon buɗe ido na iya kashe shi a yini guda.

Gadau kuwa yanzu da jami'ar jiha aka san ta, wadda aka sa wa sunan Sa'adu Zungur. Amma a shekarun 1930 cibiya ce ta binciken ƙudan tsando, mai kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu.

Batun laburare ya fi ɗaukar hankalina. Azare gari ne na makarantu: ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, ga Gadau kusa. Kowacce da ɗakin karatunta, sai dai mun ɗauke su wurin haddar jarrabawa, da an gama sai ƙura ta gaje kujeru. Alhali an yi rubutu kan ƙasar nan tun da daɗewa. Wani Bature ɗan mulki, J. M. Fremantle, ya wallafa tarihin yankin Katagum a 1911. Victor Low ya zauna da dattawan Gombe da Katagum da Haɗeja ya tattara tarihin baka, ya fitar da littafi a 1972. Takardun En'e da rahotannin Razdan suna ajiye a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, wasu kuma a Arewa House. Shiga laburaren da ya fi kusa da kai ka tambayi ma'aikaci waɗannan. Ko babu su, tambayar kanta tana da amfani, domin littafin da ba a nema ba a sayo shi.

Akwai kuma laburaren da ba shi da allon suna, wato na zaurukan malamai. Wanda ya taɓa ganin an kwance gafaka ya san abin da nake faɗi. Za a zare igiyar fata, a buɗe marfi, sai ga takardu warwara, ba ɗinki, gefensu ya yi ja don tsufa. Baƙar tawada ce ta ɗauki matani, jar tawada ta ɗauki wasula da kanun babi. A ƙasan shafi, marubuci ya ajiye kalmar farko ta shafin da ke biye, don in iska ta watsa takardun a iya jera su. A gefe kuma ga sharhi da ƙananan haruffa, wani da Larabci, wani da ajamin Hausa ko Fulatanci. Cikin irin waɗannan akan tsinci wasiƙun sarakuna da jerin sunayensu da lissafin gado. Maƙiyansu su ne gara da yoyon ɗaki da rabon gado, inda littafi guda kan rabu gida uku. Wayar da ke aljihun jikan malam ta isa ta ɗauki hoton kowane shafi a yammaci ɗaya, in dai an nemi izinin masu shi.

Wurin shan iska fa? Garuruwanmu suna faɗaɗa, ana yanka filaye ana sayarwa, ba a cika ware wurin da iyali za su zauna ƙarƙashin inuwa ba tare da sun sayi komai ba. Wannan magana ce da ya kamata a riƙa tuna wa masu tsara gari. Kafin nan, akwai fadamar Kogin Jama'are. Wannan kogi shi ke gangarawa ya haɗu da Kogin Haɗeja, su shimfiɗa dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye daga Turai kan sauka lokacin hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin zuwa, da sassafe, kafin ƙura ta tashi.

Ranar hawan salla ma, maimakon tsayawa kallon ƙura da sukuwa kawai, matsa kusa da 'yan lifidi ka dubi yadda aka cusa auduga aka ɗinke rigar doki, ka dubi sulke da kwalkwali, ka saurari kirarin da ake yi wa kowane hakimi. Sunayen garuruwa da na kakanni suna cikin kirarin. Ka riƙe biyu ko uku, bayan salla ka kai wa wani tsoho ya warware maka su.